Toyota: daga masaƙa zuwa Hilux, da abin da ke kashe injinta a hannun masu ita

Ka tsaya a kowace babbar tasha, ta Kano ce ko ta Kaduna ko ta Maraɗi, ka dubi motocin da ke lodi: Hiace ce, Sienna ce, Corolla ce, ga Hilux can gefe an ɗaure mata buhuna har sun haura kai. A da wannan fili na Peugeot 504 ne, wadda ake harhaɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975. Toyota ta ƙwace filin ne da abu biyu, juriya da sauƙin samun kayan gyara, har sunanta ya zama hujja a bakin dillalai. Da an ce Toyota ce, sai mai saye ya daina tambaya, kuma daga nan asara take farawa. A cikin injinan kamfanin akwai waɗanda suka cancanci duk yabon da ake yi musu, akwai kuma waɗanda shi kansa kamfanin ya amsa cewa an yi kuskure a ƙirarsu. Dukansu suna nan a kasuwa da tambari iri ɗaya a goshi.

Masaƙar da ke tsayawa da kanta

Asalin gidan nan saƙa ce. Sakichi Toyoda, ɗan kafinta da aka haifa a 1867, ya ƙarar da rayuwarsa wajen ƙera masaƙa. A 1924 ya kammala wadda ake kira Type G: tana canza ƙoshiya tana cikin aiki, in kuma zare ɗaya ya tsinke sai ta tsaya cak da kanta. Wanda ya taɓa zama a gindin masaƙi ya san darajar wannan, don zare guda da ya tsinke ba a lura ba yana iya ɓata turmi sukutum. A 1929 kamfanin Platt Brothers na Ingila ya sayi izinin ƙera ta a kan fam 100,000.

Ɗansa Kiichiro ne ya karkata zuwa mota. Ya buɗe sashen mota a cikin kamfanin masaƙar a 1933, motar ɗaukar kaya G1 ta fito a 1935, ƙaramar mota AA ta biyo baya a 1936, injinta kwaikwayon na Chevrolet, siffarta kuma ta Chrysler. A 1937 sashen ya tsaya da ƙafarsa. Sunan dangin Toyoda ne, aka mayar da shi Toyota saboda a rubutun Japan zane takwas na alƙalami yake ɗauka, takwas kuwa lamba ce da suke yi wa kyakkyawan zato. Garin Koromo, inda aka gina masana'antar farko kusa da Nagoya, shi ma ya koma amsa sunan Toyota a 1959.

A 1950 kamfanin ya kusa rushewa. Kuɗi suka ƙare, bankuna suka gindaya sharaɗin a raba sashen sayarwa da na ƙira, a kuma rage ma'aikata. Aka nemi mutum 1,600 su ajiye aiki, aka shafe kusan wata biyu ana rikici da ƙungiyar ma'aikata, Kiichiro ya sauka daga shugabanci, ya rasu a 1952 bai koma kujerar ba. Yaƙin Koriya da ya ɓarke a Yunin 1950 ne ya ceci kamfanin, da sojojin Amurka suka yi odar dubban manyan motoci.

Wannan talaucin ne ya haifi tsarin da ake yaba wa Toyota a kansa. A 1950 ɗin nan Eiji Toyoda, ɗan'uwan Kiichiro, ya je Amurka ya ga masana'antar Ford ta River Rouge, mai fitar da dubban motoci a rana, ya dawo da sanin cewa su ba su da kuɗin cika sito da kaya, ba su kuma da kuɗin ƙera mota mai lahani a bari sai ƙarshen layi a gyara. Shi da Taiichi Ohno, wanda shi ma daga sashen saƙa ya fito, suka kafa aikin a kan ƙafa biyu. Ta farko, kada a ƙera komai sai ana buƙatarsa, daidai adadin da ake buƙata. Ta biyu ita ce darasin masaƙar: an rataya igiya a kan layin haɗa motoci, duk ma'aikacin da ya ga abu ba daidai ba yana da ikon ja, in ba a warware ba layin ya tsaya, a bi diddigin dalilin har tushe. Ƙarfen Japan bai fi na kowa ba. Abin da ya bambanta motar shi ne shekaru da dama na ƙin barin ƙaramin lahani ya wuce.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta fi shafar aljihun mai mota a nan: Toyota ba ta gaggawar sauya abin da ke aiki. Inji ɗaya sai ta sa shi a motoci iri uku ko huɗu, ta yi shekara goma tana ƙera shi. Kayan wuta galibi na Denso ne, wanda ya ɓalle daga Toyota a 1949, giya kuma ta Aisin. Shi ya sa kwil ko famfon ruwa na Camry kan shiga RAV4 da Highlander, shi ya sa kuma a kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa ko Panteka da wuya a ce maka babu.

Ba duk tafiyar ce ta yi daɗi ba. Crown da aka kai Amurka a 1958 ta sha kunya, tana ɗaukar zafi tana karkarwa a manyan hanyoyinsu, har aka janye ta. Aka koma aka sake shiri. Corolla ta fito a 1966, kuma zuwa 2021 an sayar da fiye da miliyan 50. Hiace ta zo a 1967, Hilux a 1968. Land Cruiser ta girme su duka, don tun 1951 ta fito da sunan BJ, ta karɓi sunanta na yanzu a 1954. Sahara ce ta yi wa waɗannan biyun na ƙarshe shaida. A Janairun 1987, a Fada da ke arewacin Chadi, sojojin Hissene Habre, shugaban Chadi na lokacin, ƙarƙashin kwamanda Hassan Djamous suka tarwatsa rundunar tankokin Libiya da motocin Toyota masu buɗaɗɗen baya, waɗanda Faransa ta ba su kimanin 400, an girke musu makaman fasa tanka. Har yau Yaƙin Toyota ake kiran wannan karon.

A 2008 Toyota ta wuce General Motors ta zama ta ɗaya a duniya, sai girman ya zo da abin da ya zo da shi. Tsakanin 2009 da 2010 ta kira fiye da motoci miliyan 8 a dawo da su, saboda totur da ke maƙalewa: wasu kafet ɗin ƙasa ne ke danne feda, wasu fedar ce da kanta ba ta dawowa da wuri. Akio Toyoda, jikan Kiichiro kuma shugaban kamfanin a lokacin, ya tsaya gaban majalisar Amurka a Fabrairun 2010 ya ba da haƙuri, a 2014 kuma kamfanin ya biya tarar dala biliyan 1.2 saboda ɓoye abin da ya sani. A 2022 reshensa na Hino ya amsa cewa ya yi ta murɗe sakamakon gwajin hayaƙi, a ƙarshen 2023 wani reshen nasa, Daihatsu, ya amsa irin wannan a gwajin haɗari. Wannan labarin na kafet ya shafe mu kai tsaye, don an saba shimfiɗa roba a kan kafet, a ƙara wani kafet ɗin a kai. Ƙarƙashin ƙafar direba shimfiɗa ɗaya ya kamata, a kuma maƙala ta a ƙugiyarta. In totur ya maƙale ana cikin gudu, a take birki da ƙarfi ba tare da sakewa ba, a mayar da giya N, sai an tsaya a kashe inji.

Lambar inji, ba sunan mota ba

Wanda zai sayi Toyota ta hannu, lambar inji zai fara tambaya. Tana nan a takardar da ke manne cikin bonet ko a farantin jikin mota, an kuma buga ta a jikin bulok.

Camry ta 1997 zuwa 2001, mai siririyar fitilar baya da ake kira Fensir, mai silinda huɗu tana ɗauke da 5S-FE, lita 2.2. Inji ne mai haƙuri. Bel ne ke juya tayimin ɗinsa, kuma in ya tsinke mota tsayawa kawai za ta yi, fistin ba ya dukan bawul. Ƙa'idar canza bel ɗin kusan kilomita 145,000 ce, amma tunda ba a san tarihin motar ba, a canza shi da an saya, tare da famfon ruwa da sil-sil ɗin gaba, don hanyarsu ɗaya, kuɗin aiki ɗaya. Lahaninsa, shi da ɗan'uwansa mai silinda shida 1MZ-FE na waɗannan shekarun, shi ne bakin mai yana daskarewa a ciki kamar kwalta in aka jinkirta juye, ya toshe ragar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta. Ƙorafin ya yi yawa a Amurka har kamfanin ya ɗauki nauyin gyara na tsawon shekara takwas. Leƙawa ta murfin zuba mai ba ya nuna gaskiya, don akwai faranti da ya tare. Sai an buɗe murfin tof.

Daga 2002 zuwa 2006, wadda ake kira Big Daddy, aka koma 2AZ-FE, lita 2.4, mai sarƙa maimakon bel. Bulok ɗinsa na alminiyam ne, kuma rauninsa yana wajen notuna uku na baya da ke ɗaure tof silinda. In injin ya ɗauki zafi sosai, ko sau ɗaya ne, tiredin ramukan kan cinye, tof ya ɗaga, ruwa ya fara tsiyaya ta bayan inji ƙarƙashin manifol. A nan ake tafka asarar da ta fi ciwo: bakanike ya canza gasket, ya ɗaure notunan a ramin da tiredinsa ya riga ya mutu, bayan wata biyu mota ta dawo da ciwon jiya. Gyaran gaskiya shi ne a huda ramukan a dasa sabon tiredi na ƙarfe, a gwada tof ɗin ko ya lanƙwashe, sannan a ɗaure da sifana mai awo, bi da bi yadda littafin ya tsara.

Camry ta 2007 zuwa 2011 da ake kira Muscle ita ce ta fi yaudarar masu saye, don jiki kusan ɗaya ne amma inji biyu ne daban. Ta 2007 zuwa 2009 mai 2AZ-FE ce, kuma a waɗannan shekarun ringin fistin kan maƙale da gawayi, ramukan da mai ke komawa ƙasa ta cikinsu su toshe, sai injin ya riƙa shan bakin mai ba tare da hayaƙi mai yawa ko ɗiga a ƙasa ba. Ma'aunin da Toyota ta sa a Amurka shi ne, in ya sha fiye da kusan lita ɗaya a mil 1,200, wato kamar kilomita 1,900, sai a canza fistin da ringi. Injin lita 4.3 yake ɗauka da filta. Lissafa: mai shan lita ɗaya a kilomita 1,500, in aka bar shi daga juye zuwa juye ba a duba geji ba, kafin kilomita 5,000 abin da ya rage a ƙasa bai kai ya riƙe metal ba. Yawancin waɗanda aka ce sun buga haka kawai, ƙishirwa ce ta kashe su. Wanda ke da irin wannan motar yana iya morar ta shekaru, muddin zai zaro geji duk mako ya cika. Ta 2010 da 2011 kuwa 2AR-FE ce, lita 2.5, giya shida, kuma ba ta da wannan ciwon. Bambancin kuɗin da ke tsakaninsu ya cancanci a biya. Abin da suka haɗu a kai shi ne dashbod da ke narkewa ya yi danƙo a rana, yana ƙyalli a gilas har ya hana direba ganin hanya da tsakar rana.

Corolla mai 1ZZ-FE, lita 1.8, ta 1998 zuwa 2002 ita ma mashayiyar mai ce saboda irin wannan dalilin. Ta 2003 zuwa 2008 ta fi, kuma cikin motocin da ake samu a kasuwarmu tana sahun gaba wajen sauƙin riƙo. Ƙananan ciwukanta sanannu ne: gasket ɗin manifol na roba kan bushe ya bar iska ta shiga, mota ta riƙa rawa da sanyin safiya, na'urar bincike ta nuna lambar laifi P0171, sai kuma 'yar robar tenshina ta sarƙa da ke zubar da mai a gefen inji. Duka biyun kayan ba su da tsada. Sau da yawa akan sa mai mota ya sayi nozul ko famfon mai a kan abin da gasket ɗaya zai warware.

Sienna da Highlander masu lita 3.3 bel gare su, masu lita 3.5, wato 2GR-FE, sarƙa ce. A 2GR na farko-farko akwai bututun mai da ke zuwa bawul ɗin VVT-i mai daidaita tayimin, bututun kuwa tsakiyarsa roba ce. Robar in ta tsufa takan fashe, ta zubar da man injin cikin 'yan mintuna ana tafiya. Kamfanin ya fitar da na ƙarfe zalla daga baya. Duk mai wannan injin ya sa a haska masa fitila a duba, in roba ce a canza yau, kada a jira.

Bakin mai, ruwa da man giya

Maganar bakin mai mai kauri, wato 20W-50, tana buƙatar adalci. A tsofaffin injina irin 5S-FE, da 2TR-FE mai lita 2.7 na Hilux da Hiace, mai kauri a ƙasa mai zafi ba laifi ba ne. Amma injinan baya-bayan nan irin 2ZR-FE na Corolla daga 2009 da 2AR-FE, da matsin mai suke juya tayimin ta wasu siraran hanyoyi masu 'yar raga. A murfinsu an rubuta 0W-20 ko 5W-20, kuma a zafinmu 5W-30 ya wadatar. Mai kauri yana jinkirin isa sama in an tayar da safe, a nan ne ake jin ƙarar nan ta daƙiƙa biyu kamar ana karkaɗa tsakuwa a gwangwani. Zuba mai kauri don injin ya daina sha kuwa rufe ciwo ne, ringin da ya maƙale sai ƙara maƙalewa. Da ƙurarmu da cunkoson gari, kilomita 5,000 ko wata shida shi ne iyakar juye. Filta ta jabu ta fi mai mara kyau haɗari, don sau da yawa ba ta da bawul ɗin da ke hana mai komawa ƙasa in an kashe inji, kowace safiya injin a bushe yake fara juyawa.

Abin da ya fi kashe Toyota a ƙasashenmu zafi ne, kuma akasari gyaran da aka yi da kyakkyawar niyya ne ke jawo shi. Mota na sauka daga jirgi sai a ce tamostat na ƙasar sanyi ne, a cire, a haɗa fanka kai tsaye. Tamostat ɗin nan yana buɗewa ne a kusan digiri 82, don injin ya yi saurin kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. In babu shi, da safe da lokacin hunturu injin ba ya kai wa wannan zafin, kwamfutar motar ta ci gaba da ƙara fetur tana zaton har yanzu ana ɗumama inji, fetur ya ƙaru a sha, rarar kuma ta wanke man da ke jikin silinda. A injinan Toyota da dama tamostat yana da aiki na biyu: in ya buɗe, ƙasansa yana rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa cikin inji. Cire shi na barin wannan hanyar a buɗe, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa komawa inji bai bi ta lagireto ba. Ga dalilin da ya sa motar da aka cire wa tamostat take iya tafasa a doguwar hanya cikin Afrilu. Fankar da aka haɗa kai tsaye kuma na'urar lantarkin da ke juya ta ba ta hutawa, ranar da ta ƙone ba wanda zai sani sai allura ta hau.

Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin farar ƙasa a siraran bututun lagireto, ya kuma ci alminiyam da famfon ruwa. Ruwan sanyaya inji na Toyota, ja ko ruwan hoda, yana hana tsatsa, yana kuma ɗaga ma'aunin tafasa. Murfin lagireto shi ma ɓangaren aikin ne, yana riƙe matsi na 0.9 ko 1.1 a ma'aunin bar gwargwadon abin da aka rubuta a kansa, in robarsa ta mutu ruwa zai tafasa da wuri ko da komai lafiya. Kafin a kashe kuɗi a kan lagireto mai layi biyu, a duba murfi, a wanke ƙura da ƙwarin da suka toshe tsakanin lagireto da kwandensa na AC, a tabbatar fanka na tashi da kanta. In allura ta haura rabi ta nufi ja, a tsaya nan take. Ƙoƙarin ƙarasawa gari na gaba shi ne bambancin kuɗin hos ɗaya da kuɗin inji.

Man giya ba iri ɗaya ba ne, kuma launinsa ja ba ya nufin komai. Camry ta 1997 zuwa 2001 Dexron take sha, ta 2002 zuwa 2006 da Corolla ta 2003 zuwa 2008 T-IV, Camry daga 2007 kuma WS. Corolla daga 2014 yawancinsu CVT ce, wato giyar da ba ta da matakan canji, manta daban ne gaba ɗaya, zuba mata na giya otomatik na yau da kullum yana lalata ta. A mai geji, an rubuta sunan man a jikin gejin. Masu giya shida ba su da geji, ta wani noti a ƙasa ake auna su, mota na tsaye daidai, inji na aiki, man yana kusan digiri 40. Wanda ya cika da ido ko dai ya rage ko ya zarce. A mai geji, juye ɗaya yana fitar da lita 3 zuwa 4 ne kawai, kamar rabin abin da ke ciki, saboda haka giyar da manta ya yi baƙi gara a juye sau biyu ko uku da tazarar 'yan kwanaki. RAV4 ta 2001 zuwa 2003 tana da nata tarkon: kwamfutar inji ce ke lalacewa ta sa giya ta riƙa buga ƙafa. In aka canza giya aka bar kwamfutar, sabuwar ma za ta bi ta farko.

Sai fitilar nan mai siffar inji a dashbod. Ita ce igiyar masana'antar da aka sako wa mai mota a gabansa, amma sau nawa ake liƙe ta da baƙin salatif ko a zare ƙwan? Matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi, ana fasa ta a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, sai fitila ta kama da lambar P0420 ta zauna. Illar ita ce daga ranar duk wani sabon ciwo, kwil ne ya mutu ko sensa, ba shi da hanyar sanar da kai, tunda fitilar a kunne take dama. Fitilar da ke ƙiftawa kuwa tana nufin wata silinda ba ta ƙona mai, kada a ci gaba da tafiya da ita.

Hilux, Hiace da lodin da ya wuce ƙima

Hilux kusan tan ɗaya aka ƙera ta ta ɗauka. Ƙara ganyen sufirin yana hana baya zama, amma bai ƙara wa birki ƙarfi ba, bai ƙara wa boris na aksul ba. A waɗanda ba su da ABS, wato tsarin hana taya kullewa in an taka birki, akwai wani bawul a baya da ke auna yadda mota ta zauna ya ƙara wa tayoyin baya birki gwargwadon lodi. In aka ɗaga baya da ƙarin sufirin, bawul ɗin sai ya ɗauka babu kaya, ya rage birkin baya a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Hiace kuma, musamman wadda ake kira Homa da ta fito a 2004, taya mai harafin C take buƙata, irin 195R15C. Tayar ƙaramar mota a ƙarƙashin bas cike da mutane, a kan kwalta mai zafi, fashewa take jira. Shekarun taya suna jikinta a lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT: 2319 na nufin mako na 23 na 2019.

A masu dizal akwai tsara biyu. 1HZ na Land Cruiser, lita 4.2, silinda shida, da 5L na Hiace da Hilux, famfonsu na ƙarfe ne mai haƙuri da gurɓataccen mai, shi ya sa direbobin hanyar Agadas ke girmama irinsu. D-4D kuwa, wato 2KD da 1KD, suna fesa mai da matsin da ya haura bar 1,000, ɗigon ruwa ko ƙura a dizal yana cinye nozul. In fitilar filta ta kama, a tsaya a tsiyaye ruwan ta ƙasan filtar. Wani ciwonsu na ɓoye shi ne wanshar da nozul ke zaune a kai: in ta saki, hayaƙi na shiga cikin bakin mai ya zama gawayi, ya toshe ragar famfo, injin ya buga alhali geji a cike. Bel ɗin tayimin ɗinsu kilomita 150,000 ne, kuma a dizal in ya tsinke fistin zai daki bawul.

Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a Mayun 2023, ido ya ƙara komawa kan masu haɗa fetur da batir, fasahar da Toyota ta fara sayarwa da Prius a 1997. Maƙiyin babban batirin zafi ne. Iskar sanyaya shi daga cikin mota ake jawo ta, ta wata taga kusa da kujerar baya, in ƙura ta toshe fankar ko aka tare tagar da kaya, batirin zai tsufa da wuri.

Kafin a miƙa kuɗi, lambar shasi mai harufa 17 tana faɗin asali. J a farko Japan ce, 4T1 Camry ce ta Kentucky, 2T1 Corolla ta Kanada, 5TD masana'antar Indiana mai ƙera Sienna, MR0 Hilux ta Tailan, AHT ta Afirka ta Kudu. A motocin Amurka harafi na goma shekara ce: 7 na nufin 2007, 9 na nufin 2009, A kuma 2010, saboda haka sauya fitilu da bamba ba ya mayar da ta 2008 ta koma 2010. Agogonsu da mil yake ƙirga, 150,000 a can kilomita 240,000 ne. A shiga ƙarƙashi a duba tsatsar gishirin da ake watsa wa hanyoyin ƙasashen ƙanƙara, a ɗaga kafet a nemi laka da warin ruwa, a ja bel ɗin kujera har ƙarshe a ga ko akwai tabon ambaliya. A murɗa makulli ba a tayar ba, fitilar inji da ta jakar iska dole su kama, ta jakar iskar ta mutu da kanta bayan kamar daƙiƙa shida. Corolla ta 2003 zuwa 2008 tana cikin waɗanda aka kira saboda jakar iska ta Takata, wadda zafi da laima ke sa ta fashe da ɓaraguzan ƙarfe, kuma da lambar shasi ana iya dubawa a intanet ko an canza ta. A je ganin mota da sassafe, a dafa bonet a tabbatar da sanyi, don injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ƙarar sarƙa da shuɗin hayaƙin farko. Na'urar bincike kuma a duba mata fiye da lambobin laifi: in ta nuna gwaje-gwajen kwamfutar ba su kammala ba, an goge wani abu kwanan nan, sai a yi tafiyar kilomita 30 zuwa 50 da motar a sake jonawa.